Mityvac MV8500 da ruwan da ke shiga man giyar injin jirgi: ya cancanci kuɗinsa?

In aka kwance notin ƙasa, wato na zubar da man giya, a ƙafar injin jirgi (ɓangaren da ke nutse a ruwa ɗauke da farfela), man ya zubo fari-fari kalar kunun gyaɗa, to ruwa ya shiga akwatin giya. Duk wanda ke harka da inji a bakin kogi ya san wannan. Inda ake samun matsala shi ne gano ta inda ruwan ya bi. Hanyoyin da zai iya bi sun kai shida: washar notin sama da ta notin ƙasa, sil ɗin shaf ɗin farfela (sil shi ne zoben roba mai leɓe da ke rungume shaf don hana yoyo), zoben robar da ke kewaye da mazaunin boris na bayan farfela, sil ɗin doguwar shaf da ke ƙarƙashin famfon ruwa, sil ɗin sandar sauya giya, sai kuma tsaga a jikin akwatin kansa. Abin da aka fi yi shi ne a zubar da man, a ɗura sabo, a koma ruwa, bayan mako biyu ya sake yin fari. Ko kuma a yi ta canza sil ɗin farfela da ka, alhali ruwan ta sama yake sauka. Mityvac MV8500 famfon hannu ne da ke kawar da wannan lalube, kuma a kan wannan aikin muke auna shi.

Ba don jirgi aka ƙera shi ba. Kayan aikin gyaran mota ne daga Amurka, ana amfani da shi wajen fitar da iska daga birki da gwada bawul-bawul na inji. Jikinsa ƙarfe ne, ana matsa shi da hannu ɗaya, yana da geji guda mai nuna abu biyu: ɓangaren dama matsin iska har zuwa psi 30 (psi ma'aunin matsi ne), ɓangaren hagu zuƙa har zuwa inci 30 (incin nan ma'aunin ƙarfin zuƙa ne, ba na tsawo ba). Akwai ɗan makunni da ake juyawa a koma daga hurawa zuwa zuƙa, da kuma ɗan hannu na sakin iska. Kowane matsi ɗaya yana motsa iska kimanin cc 16. A cikin akwatinsa akwai tiyo na roba, da bakuna iri-iri, da wani ɗan kofi mai murfi wanda aka tanada don ruwan birki. Wannan kofin zai yi mana amfani a gaba. A lura kada a ruɗe da ƙanensa MV8000: wancan zuƙa kaɗai yake yi, ba ya hurawa, don haka rabin aikin nan ba zai yiwu da shi ba.

Injin da muka ɗauka a matsayin misali shi ne Yamaha Enduro E40X mai ƙarfin doki 40, domin shi da ƙannensa masu doki 15 da 25 su ne suka cika tashoshin jiragen ruwa daga Yawuri da tafkin Kainji har Lokoja, da bakin Binuwai, da tafkin Chadi. Silinda biyu gare shi, cc 703, kuma irin injin nan ne da ake haɗa masa fetur da mai a tanki ɗaya. Ma'ana ba shi da tukunyar baƙin mai irin ta mota. Man da ruwa zai iya gurɓatawa a jikinsa guda ɗaya ne, man giya da ke cikin ƙafa, kuma ba shi da yawa: ml 430 ne a E40X, ml 250 a ƙaramin E15D. Mai ƙasa da rabin lita ne ke riƙe da haƙoran giya da boris ɗin da ke ɗauke da ƙarfin doki 40 duka. Ruwa kaɗan ya isa ya ɓata shi. In mai ya gauraya da ruwa, siririn shimfiɗar da ke raba haƙori da haƙori takan tsinke a ƙarƙashin nauyi, fuskar haƙoran ta fara ƙananan ramuka, in kuma injin ya kwana biyu a ajiye sai ruwan ya kwanta ƙasa, tsatsa ta kama boris. Daga nan sai kuka a cikin ƙafa, daga kuka sai giya ta watse, wataƙila a tsakiyar kogi da jirgi cike da mutane da buhuna.

Kafin a taɓa famfon, a tabbatar ruwan ne da gaske. Abu biyu kan yaudari mutane. Na farko, man da aka zubar nan take bayan inji ya yi aiki yakan yi hazo saboda ƙananan ƙwayoyin iska da giya ta kaɗa a cikinsa. A zuba shi a kwalba mai haske a ajiye. In iska ce, zai washe cikin 'yan awoyi. In ruwa ne, farin zai tsaya, ko kuma ruwa ya rabu ya kwanta a gindin kwalbar. Na biyu, baƙin dagwalon da ke zubowa ta tsakiyar farfela a irin waɗannan injuna yawanci ba man giya ba ne, ragowar man haɗi ne da bai ƙone ba yake biyo hayaƙi, tunda ta nan hayaƙin ke fita. Hanci ke raba gardama: man giya yana da wari mai kaifi na farar wuta, wancan kuwa warin hayaƙin fetur yake yi. In har yanzu ana shakka, a ɗiga ɗigo ɗaya a kan murfin gwangwani da aka zafafa sosai, wajen digiri 160. Mai tsafta zai bazu shiru, mai ruwa zai yi ƙara tas-tas yana tartsatsi. A kuma duba bakin notin ƙasa, wanda a yawancin injunan Yamaha yake da maganaɗisu. Laushin garin ƙarfe kaɗan ba komai ba ne. In kuwa aka ga ɓarɓashi mai ƙyalli wanda ake ji a tsakanin yatsu, maganar ta wuce ta sil, sai an buɗe giyar.

A nan ne aibin farko na MV8500 ke bayyana, kuma babba ne: a cikin duk bakunan da ke akwatinsa babu mai shiga ramin notin man giya. Dole a nemi adafta daban. Ramin Yamaha tiredin mm 8 ne, na Mercury da Johnson da Evinrude kuwa na inci ne, 3/8-16, kuma in aka tilasta ɗaya a ramin ɗaya, tiredin alminiyam ɗin zai cinye. Hanya mafi sauƙi ita ce amfani da bakin ƙarfe na ɗan famfon ɗura man giya, wanda ake ɗaurawa a kan kwalbar mai, tunda dama an yi shi daidai da ramin. In babu, mai injin gyaran ƙarfe zai iya huda tsohon notin mai ta tsakiya ya liƙa masa ɗan bututun tagulla. Ko wanne aka yi, a sa masa washa sabuwa a gindi, a kuma ɗaure tiyon da siririyar waya a duka bakunan biyu, domin tiyon akwatin zura shi kawai ake yi, kuma da matsi ya yi yawa yana iya zamewa.

Daga nan a gwada na'urar kanta. A toshe bakin adaftar da babban yatsa ko a lanƙwasa tiyon a matse, a hura zuwa psi 10, a zuba wa allura ido na minti ɗaya. In ta sauka, yoyon a na'urar yake, kuma duk abin da za ta faɗa game da injin ƙarya ne. Wannan mataki ne da ake yawan tsallakewa, sai a kwance ƙafar inji lafiyayya a banza.

Gwajin sai akwatin giya babu mai. A tsayar da injin a miƙe, a cire hular filogi da igiyar kashe inji, a sa giya a firi. A fara kwance notin ƙasa, sannan na sama don iska ta shiga man ya sauka. Sukurudireba mai faɗin baki da ta cika tsagar notin ake so, in ya ƙi a yi amfani da ta bugu, kada a yi ta murɗawa da ƙarama har tsagar ta lalace. A bar shi ya tsane sosai. In aka bar mai a ciki, shi zai toshe ƙaramin yoyo ya ɓoye shi, kuma zai biyo tiyo ya shiga famfon.

Yayin da yake tsanewa a cire farfela. A cusa guntun katako tsakanin reshen farfela da faffaɗan farantin da ke samanta, a zare fin, a kwance noti, a fitar da washa da farfelar, sannan a zare kaurin washar da ke bayanta. Bayan wannan washar ce maɓoyar babban mai laifi a kogunanmu: zaren kalli da igiyar mamari. Farfela takan kama guntun zaren roba, ya naɗe a shaf, juyawa ta ja shi ciki, zafi ya narkar da shi ya zama wani baƙin zobe mai tauri wanda wanda bai sani ba zai ɗauka wani ɓangare ne na injin. Wannan zoben yana yanka leɓen sil kamar dai don haka aka yi shi. A tona shi da siririn ƙarfe mai ƙugiya har a ga fuskar sil ɗin tas.

Sai a mayar da notin ƙasa da washa sabuwa, a ɗaura adaftar a ramin sama, a juya makunni zuwa hurawa. Mu muna ba da shawarar a fara da matsi kaɗan, psi 3 zuwa 6, kamar yadda littattafan gyaran Johnson da Evinrude suka tsara, kafin a hau sama. Dalilin shi ne matsi mai yawa yana danna leɓen sil a jikin shaf, sai sil ɗin da ya gaji ya riƙe iska kamar sabo. A ƙaramin matsi kuwa, ƙarfin sifirin ɗinsa da laushin robarsa kaɗai ke riƙe da shi, kuma a haka yake rayuwa a cikin ruwa: farfela da ke nutse rabin mita matsin da ke kanta bai kai psi 1 ba. Yayin da allura ke tsaye, a juya shaf ɗin farfela da hannu, a ja shi gaba da baya, a girgiza shi gefe da gefe, a sa giya a cire. Sil da yawa suna riƙewa in komai na tsaye, su saki da an motsa shaf. Bayan haka a hau zuwa adadin da littafin injin ya faɗa. A ƙananan injunan Yamaha irin wannan, kPa 100 ne, wato kimanin psi 14, kuma ana so ya tsaya daƙiƙa 10 ba tare da ya sauka ba. A ganinmu daƙiƙa 10 mafi ƙarancin sharaɗi ne, gara a ba shi minti biyar. Kada a wuce adadin littafi. Kuma kada a kuskura a kai ƙafar inji wajen mai faci a hura mata iska da injinsa: wannan matsin ya ninka abin da ake buƙata sau da yawa, zai tura sil waje ko ya juya leɓensa, a dawo da ɓarnar da ba a je da ita ba.

A wannan wurin famfon ya yi abin yabo. Da yake cc 16 kawai yake turawa a kowane matsi, kai akwatin E40X zuwa psi 14 yakan ɗauki matsi talatin ko fiye, hannu zai ɗan gaji, amma wannan jinkirin shi ne kariyar: ba yadda za a yi mutum ya zarce bisa kuskure ba tare da ya gani ba. Inda ya gaza shi ne gejin. An matse zuƙa da hurawa a fuska ɗaya ƙarama, don haka saukar rabin psi da ƙyar ido ke kama ta. Maganinsa a ɗan ƙwanƙwasa gilashin da farce don allurar ta zauna, a sa alama da biro a daidai bakinta, sannan a jira. A kuma yi gwajin a inuwa. Akwatin alminiyam da rana ke duka iskar cikinsa na kumbura, sai allura ta tsaya cak ko ma ta hau alhali akwai yoyo.

In allura ta sauka, sai neman wurin. A kaɗa ruwan omo mai kumfa a shafa da buroshi: kewayen notin ƙasa, gindin adafta, fuskar sil ɗin farfela, da da'irar da mazaunin boris ya haɗu da akwati. Yoyo babba zai busa ƙwai manya nan take, ƙarami kuwa farar kumfa mai laushi yake tarawa a hankali, sai an yi haƙuri. In duk waɗannan shiru amma allura na ci gaba da sauka, yoyon yana sama, dole a sauke ƙafar: a raba sandar giya, a kwance notocin da ke riƙe da ƙafar, a zare ta, a cire murfin famfon ruwa da fankar robarsa da farantin ƙarfen da ke ƙasa. Sai sil ɗin doguwar shaf ya bayyana. Wannan sil ɗin ya fi na farfela shan wahala ta wata fuska, domin yana zaune daidai ƙarƙashin famfon ruwa, duk yashi da lakar da injin ya zuƙa a kansa suke wucewa, kuma a damina ruwan Neja da Binuwai laka ce zalla. A riƙe mazaunin sil ɗin da sandar giya da hannu ko a danne su kafin a sake hurawa, saboda da an cire abin da ke bisansu iska na iya cillo su sama. Wanda ke da rabin durom na ruwa zai iya nutsa ƙafar gaba ɗaya yana kallon inda ƙwayoyin iska ke tasowa. Ta haka ake kama siririyar tsaga a hancin akwatin ko kusa da ƙegen ƙasa, irin wadda karo da kututture ke bari. Tafkin Kainji, tun da aka kammala madatsar a 1968 ruwa ya shanye dazuzzuka, bai rabu da kututturan itatuwa a ƙarƙashinsa ba, kuma in ruwa ya ja baya su ne ke cin ƙafafun injuna.

Abin da ya sa muka fifita wannan famfon a kan geji mai hurawa kaɗai shi ne zuƙa. In inji na aiki, mai da iskar da ke cikin akwatin giya suna ɗumama su kumbura. Da an kashe shi, ƙafar na cikin ruwa, sai su huce su tsuke, akwatin ya koma yana zuƙa daga waje. Sil ɗin da ke hana mai fita ba lallai ne ya hana ruwa shiga ba. Shi ya sa ake samun injin da ba ya zubar da ko ɗigon mai, ya kuma ci gwajin hurawa, amma mansa na yin fari. A juya makunni, a sa ɗan kofin nan a tsakiyar tiyo don ragowar mai ya faɗa cikinsa kada ya kai ga bawul ɗin famfon, a zuƙa zuwa inci 3 zuwa 5, a juya shaf, sannan a hau zuwa inci 15. Waɗannan ma alƙaluman Johnson da Evinrude ne. Littafin Yamaha gwajin hurawa ya ba da adadinsa, don haka a injin Yamaha a ɗauki sakamakon zuƙa a matsayin ƙarin shaida. Kumfa ba ta aiki a nan tunda iskar ciki take shiga. A maimakon haka a ɗiga man giya a kewayen sil ɗin da ake zargi: in allura ta daina komawa, ko aka ga man yana shigewa, an kama shi.

Gyaran kansa ya danganta da abin da aka gano, kuma sau da yawa mafi arha ne. Washar notin mai ta Yamaha, mai lamba 90430-08003, ta amfani sau ɗaya ce. Duk lokacin da aka kwance noti sai a sa sabuwa, a kuma leƙa ramin a tabbatar tsohuwar ba ta maƙale a ciki ba, don washa biyu a kan juna yoyo suke yi. Zaren buhu ko ledar da ake naɗawa a madadinta ba sa riƙe ruwa. Ɗaurin notin Nm 9 ne, wato ɗauri mai kyau da hannu ɗaya, ba na dannawa da ƙafa ba.

In sil ɗin farfela ne, ana fitar da mazaunin boris da fula, wato ƙarfen da ake zaro shi da shi, bayan an kwance abin da ke riƙe da shi, notoci biyu a wasu injuna, babban noti mai zobe a wasu. Kada a ɓanɓare shi da sukurudireba ta gefe, kunnuwansa karyewa suke yi. Sil biyu ne a jere, kuma kafin a fitar da su a duba inda fuskar kowanne ke kallo, a ɗauki hoto da waya. Wasu kamfanoni baya da baya suke jera su, wasu duka fuska ɗaya, kuma juya su kuskure ne da ba ya nunawa sai an koma ruwa. Sannan a bi wurin da leɓen ke gogawa a jikin shaf da farce. In farce ya maƙale a wani kwari, sabon sil ba zai daɗe ba, sai dai a canza shaf ko a sa masa siririyar rigar ƙarfe ta gyara. A juya shaf ɗin ana kallon bakinsa: in yana rawa, ya lanƙwashe, kuma iyakar da littattafan Yamaha ke yarda da ita mm 0.02 ce, abin da ido ba ya gani ma, balle wanda ake gani ƙuru-ƙuru. Boris mai wasa shi ma yana cinye sil. A buga sabbin da soket mai faɗin daidai da bakinsu na waje, su shiga a miƙe, a cika tsakaninsu da giris mai jure ruwa, a canza zoben roba ko da tsohon ya yi kyau a ido.

Batun ingancin sil ɗin ba abin wasa ba ne. A kasuwa ana samun na babur ko na janareta mai awo ɗaya, yana shiga daram, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Bambancin yana cikin ɗan sifirin da ke matse leɓen: na injin ruwa ƙarfensa ba ya tsatsa, na tudu kuwa baƙin ƙarfe ne, cikin ruwa zai ci tsatsa ya tsinke, leɓen ya saki. Wahalar sauke ƙafa da mayar da ita ta fi ƙarfin abin da aka rage. Tunda an buɗe famfon ruwa, a canza fankar robar da gasket ɗinta gaba ɗaya, a kuma kula da ɗan makullin ƙarfe mai siffar rabin wata da ke riƙe ta a shaf, yana da saurin faɗuwa cikin yashi.

Bayan an haɗa, a sake gwaji kafin a zuba mai. Wannan shi ne amfani na biyu na na'urar, kuma a wurin bakanike ya kai na farko daraja, domin yana nuna wa mai jirgi allura a tsaye kafin ya karɓi kuɗinsa. Man da ake so na giya ne SAE 90, GL-4, ba baƙin man mota ba, balle wanda aka juye daga wani inji. Daga ramin ƙasa ake ɗura shi har sai ya fito ta ramin sama babu kumfa, a ɗaure na sama tukuna, sannan a zare bakin famfo a yi maza a ɗaure na ƙasa. In ta sama aka zuba, iska na maƙalewa, akwatin ya zauna rabi. Ƙafar da ta sha ruwa sosai a ɗura mata, a yi ɗan gajeren zagaye, a zubar tun da ɗumi, a sake ɗurawa. Bayan kamar awa 10 na aiki a sassauta notin ƙasa a ga ɗigon farko. Daga nan sai canji duk awa 100, wanda ga jirgin haya mai zirga-zirga kullum bai wuce 'yan makonni ba.

Ga masu injin da ke da tukunyar baƙin mai daban, irin jerin F na Yamaha, ƙafar duk ɗaya ce, gwajin ma haka. Amma in a sandar awon baƙin mai aka ga farin, MV8500 ba zai yi nisa ba, domin ruwan sanyaya irin wannan injin daga kogi yake shiga ya fita, babu rufaffiyar hanya da za a hura. Can gejin matsin silinda ake buƙata: silindar da ta gaza 'yan uwanta da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, ga filoginta ya wanke fes, tana nuna gasket ɗin kai. Kafin a kai ga haka a duba tamostat. Akwai al'adar cire shi a jefar wai ƙasarmu da zafi, alhali shi ke tsare ruwa har inji ya kai wajen digiri 60. In babu shi inji ba ya ɗumama, tururin da ƙonewar fetur ke haifarwa sai ya koma ruwa a cikin tukunya, musamman ga jirgin da ke yawan tafiya a hankali. Inda famfon zai taimaka shi ne gwada robar famfon fetur: in ta huje, fetur na gangarawa cikin baƙin mai, awo ya hau, man ya tsinke yana warin fetur, wasu su ɗauka ruwa ne. Irin wannan man kada a gwada shi a kan wuta. A manyan jirage masu injin dizal a ciki kuwa, yana gwada na'urar sanyaya mai da kyau: a cire ta, a toshe baki ɗaya, a hura ta ɗayan, a nutsa cikin bokiti.

To wa ya kamata ya saya? Bakaniken da ke gyaran injuna a tashar jirgi, babu ko tantama, saitin giya ɗaya da ya tsira ya biya kuɗinsa har da ragi. Mai jirgi ɗaya kuwa zai ga tsadarsa, tunda daga waje ake shigo da shi kuma farashin na bin dala, sannan rabin kayan akwatin na birkin mota ne da ba zai taɓa ba. Gara ƙungiyar masu jirage ta tasha ta sayi guda a ajiye wurin amintaccen mutum. Akwai na'urorin kamfanin Stevens, S-34 ta hurawa da V-34 ta zuƙa, waɗanda don ƙafar injin jirgi aka yi su, amma biyu ne, kuɗi biyu. Akwai kuma masu arha marasa suna da suka kwaikwayi siffar Mityvac; duk wanda zai ɗauki irinsu ya toshe baki da yatsa ya gwada riƙon allura a gaban mai shago, ta ɓangaren hurawa da na zuƙa, kafin ya biya. Shi kansa MV8500 bawul ɗinsa na roba ne ƙanana, mai da yashi ne ke kashe su, don haka bayan kowane aiki a wanke kofin da tiyo, a shanya, a mayar cikin akwati a rufe, kuma a sayo saitin robobin gyaransa tun ranar da aka sayo shi, don ba abu ne da za a samu a kasuwar bakin kogi ba.